Ƙarar da Kyanwar Kaka Ta Ji

Kai, tsohon gidanmu! Har yau ina tuna ƙaurin dalma a ɗakin da Baba ke gyaran rediyo. A nan ya haɗa wa autarmu ɗan mutum-mutumi mai tayoyi, bai fi girman buta ba. Ya ba ta maɓalli. Idan ta danna, sai mutum-mutumin ya taho.

"Baba, yaya yake sanin ina kiransa?"

"Maɓallin yana fitar da wata siririyar ƙara. Kunnen mutum ba ya jin ta. Shi yana ji, in dai kina kusa. Amma a ɗakin nan kawai za ki yi wasa da shi."

"To, Baba."

Ina! Auta ce fa. Baba na fita, ta ɗauko mutum-mutumin zuwa gefen tabarmar Kaka. A nan tsohuwar kyanwar Kaka take kwanciya. Tun da mijin Kaka ya rasu, kyanwar ce abokiyar hirarta.

Auta ta yi ta danna maɓallin. Kyanwa ta zabura, ta kwantar da kunnuwa, ta haura katanga ta ɓace.

Gari ya waye ba ta dawo ba. Kaka ta ƙi cin abinci, sai kallon katanga take yi. Wallahi ta ba mu tausayi.

Auta ta fashe da kuka. "Baba, ni ce na fito da mutum-mutumin, na yi ta danna maɓalli kusa da kyanwa. Amma ai babu ƙara!"

"Ke ce ba ki ji ba," in ji Baba. "Kunnen kyanwa ya fi namu. Kamar kin yi ta busa mata usur a kunne ne."

Auta ta cire batirin maɓallin da hannunta. Ta zuba madara a kwano, ta tsuguna a gindin katanga tana kira a hankali. Ƙafafunta suka yi tsami, ba ta tashi ba.

Can sai ga kyanwa ta leƙo. Ta harari Auta, ta diro, ta wuce madarar, ta haye cinyar Kaka.

Kaka ta yi dariya har da hawaye. Ta jawo Auta jikinta.

"Jikata, abin da bai dame ki ba yana iya cutar da wani. Ki riƙa dubawa. Yanzu kawo mini abincina, yunwa nake ji!"