Katakon Gadon Amarya

Igiya da zannuwa biyu su ne gidansu yanzu, a kusurwar majami'a, tun da ambaliya ta share unguwar ta tafi da Mama. Auta tana ninke bargon da zumuntar mata suka raba, Baba ya ɗaga zanen ya shigo.

"Na faɗa wa Fasto kada ya karanta sanarwa ta uku."

Bargon ya suɓuce mata. Lahadi biyu ke nan ana sanar da aurenta da Kafinta, saura ɗaya.

"Baba, don Allah..."

"Ya ce ya gama gadonku, ya ɗora a rufin shago, ruwa bai taɓa ba. Yau na ce mu gani, ya tsaya yana sosa ƙeya! Na rasa uwarki, kuma in miƙa ki ga maƙaryaci?"

Ta toshe baki da zane, don maƙwabta na bayan labule. Ta san inda gadon yake. Ranar jana'iza ta ga furen da ita da kanta ta zaɓa wa gadon, a sassaƙe jikin murfin akwatin gawar Mama.

A layin karɓar sabulu ta tare Kafinta.

"Filis, don Allah ka bar ni in faɗa masa!"

"A'a, Auta. Mutumin da ko akwati ya kasa yi wa matarsa, in sa ya sunkuya mini? Yana zaton ikilisiya ce ta bayar. Bar shi a haka."

"To ni fa? Sori kawai za ka ce mini?"

Ya kawar da kai, idonsa jawur.

Mako uku ana addu'a safe da yamma, ana rabon katifu da magani. Auta ta rame, ko amin ba ta iya cewa.

Shugabar zumunta ce ta gaji, ta sami Baba yana shanya takalma.

"Kai dattijo, ruwa ya ci maka ido ne? Ko ƙusa babu a asusun ikilisiya ranar nan. Ni na riƙe wa yaron katako yana farfasa gadon aurensa don akwatin matarka, yana kuka kamar shi ya rasa uwa!"

Baba ya zauna daɓas a ƙasa. Har rana ta yi tsaka bai motsa ba.

Ran Lahadi, bayan addu'ar waɗanda suka rasu, ya miƙe.

"Fasto, karanta ta uku. Matata tana kwance a gadon 'yata, ni kuwa ina zagin wanda ya shimfiɗa mata."

Aka ɗaura auren ba ado, kujerar Mama ba kowa. Katifar taimako suka shimfiɗa a ƙasa.

Ƙarshen labarin ke nan, 'ya'yana: wanda ya yi alheri ya rufe bakinsa, Ubangiji zai tayar da mai faɗar alherinsa, ko da ya jima yana kuka.