Amsar da Baba Ya Bayar

Amarya na guga a falo, rigar maigidanta ta zuwa coci shimfiɗe a kan tebur, sai surukarta ta shigo tana fifita da wata takarda.

"'Yar Fasto, ajiye dutsen nan ki ji. Na ba da sunanki."

Amarya ta durƙusa ta gaishe ta. Watanta bakwai a gidan, amma har yanzu tana shakkar Mama.

"Sunana a ina, Mama?"

"Wajen yaran da za a yi wa baftisma. Ranar Lahadi za ki tsaya gaban jama'a ki gaya musu yadda kika shaida Almasihu da bakinki ranar taki baftismar. Minti biyar kawai. Na ce wa matan nan su bari su ji surukata, a gidan fasto aka haife ta."

Mama ta fita tana dariya. Amarya ta daskare a tsaye, har sai da ƙauri ya cika falon. Dutsen ya cinye wuyan rigar.

Akwai abin da ta daɗe tana ɓoyewa. Tana da shekara goma sha biyu aka shigar da ita ruwan baftisma, ruwa har ƙirji. Faston da ya riƙe ta ya tambaya, "Kin gaskata Yesu Almasihu ne Ubangijinki, Mai Cetonki?" Idanu suka yi mata yawa, harshenta ya maƙale. Ya sake tambaya. Sai mahaifinta daga gefe ya ce, "Ta gaskata, kunya ce da ita." Aka yi dariya, aka nutsar da ita, aka ba ta katin baftisma. Ita dai ba ta ce uffan ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da ƙoƙon jibin Ubangiji ya iso gabanta, sai amsar da ba ta bayar ba ta faɗo mata a rai.

Ta yafa mayafi ta nufi rumfar maigidanta ta gyaran waya. Ta tarar da shi ya duƙufa a ƙarƙashin fitila, yana ɗaga sikirin ɗin wata waya da ɗan tsinke.

"A'a, madam da kanta? Caja ce ta lalace ko kewata aka yi?"

"Na ƙona maka riga."

"Shi ne kika yi tattaki? Na ɗauka gidan ne ya kama."

Ba ta yi dariya ba. Kanta a ƙasa, tana murza bakin mayafi, ta gaya masa komai. Ya ajiye tsinken a hankali. Fara'ar nan tasa ta ɗauke.

"Shekara nawa kina riƙe da wannan?"

"Goma."

Ya daɗe yana kallon wayar da ke buɗe a gabansa. "Je ki gida, zan zo," ya ce, bai ƙara ba.

Da yamma maganar ta kai kunnen Mama. Ta rufe ƙofar falo, ta rage murya.

"Ki rufa mana asiri, yarinya. Ki tashi ki ce kin amsa, wa zai tono abin shekara goma? In ba za ki iya ba, ki kwanta ki ce zazzaɓi. Amma in kika buɗe baki kika ce babanki ne ya amsa miki, kin zubar da girman bawan Allahn nan, kin zubar da nawa. Daga cocin sai ki wuce inda ake amsa miki."

Maigidan Amarya da ke gefe ya ce, "Mama, ai ba—"

"Kai, ban sa da kai ba."

Ya yi shiru. Shirun nan ya fi faɗan Mama tsorata ta. Kwana uku yana fita da sassafe, ya dawo ya ci abinci ba hira, wani lokaci ta ga leɓensa na motsi shi kaɗai. Ta ce a ranta, lafazin saki yake haɗawa. Ta yi kuka a bayan ƙofa har idanunta suka kumbura. Ƙarya a gaban Allah tana ba ta tsoro, rasa mijinta yana ba ta tsoro, ta rasa wanne ya fi.

Ranar Lahadi aka kira ta. Aka miƙa mata makirfo, ta ji shi kamar dutse. Yaran baftisma na jere cikin fararen kaya, Mama a layin gaba, ɗanta a gefenta. Idanu suka sake yi mata yawa. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Wani ya yi tari. Fanka na ta juyawa.

Mama ta yunƙura za ta miƙe, da murmushin dole. "Jama'a, ku yi haƙuri, kunya ce da—"

Ya dafa hannun mahaifiyarsa. "Mama, zauna. Ita aka tambaya."

Amarya ta matso da makirfon bakinta. Muryarta ta fito siririya.

"Ranar baftismata ban amsa ba. Babana ne ya amsa, don yana ƙaunata. Yau ina so in amsa." Hawaye suka zubo, ba ta share ba. "Na gaskata Yesu Almasihu ne Ubangijina. Shi ne Mai Cetona. Ni na faɗa."

Wata tsohuwa daga baya ta ce amin, saura suka bi.

A hanyar gida Mama na gaba, ba ta waiwayo ba. Amarya ta tambayi mijinta ƙasa-ƙasa, "In wuce gidanmu ne?"

"Ki wuce ina? Kin san abin da nake yi kwana ukun nan? Jawabi nake haddacewa, in tashi in yi magana a madadinki. Sai da na ga Mama ta yunƙura na gane abin da nake shirin yi miki."

Mama ta kwana biyu tana amsa gaisuwa da ka. A na uku ta kira mahaifin Amarya a waya don ta ba shi haƙuri, sai ta ji dattijon yana kuka yana cewa, "Na ɗauka taimakonta na yi." Ta ajiye wayar, sannan ta leƙa kicin.

"Matsa in taya ki yanka albasar nan. Idanunki sun sha wuya a makon nan."

'Yar'uwa, uba zai iya kai ki bakin ruwa, miji ya tsaya a gefenki, suruka ta yabe ki a gaban mata. Amma tambayar nan, ke Almasihu yake yi wa, ba kuwa mai ƙaunarki da zai iya amsa miki ita.