Goyon Filo

Ƙarfe goma na safe Saje ya shigo ofishin Sufeto yana murmushi, ya ajiye fayil a gabanta.

"Ranki ya daɗe, tarkonmu ya kama. Mai raino ce a gidan rainon yara. Ta yarda za ta sayar da jariri ɗan wata takwas. Gobe sai kotu."

"Wa ya fito a matsayin mai saye?"

"Dogo, mai kawo mana labari."

Ya kunna rikoda. Muryar mace ta ce, "To, na yarda, zan kawo shi." Daga nan sai shiru.

"Ina farkon maganar?"

"Batir ne ya ba mu matsala."

"Ina jaririn?"

Saje ya sosa ƙeya. "Filo ta goyo. Gwaji ta zo yi. Ai niyya ta isa a kama mutum."

Sufeto ta dube shi ta saman tabarau. Ita ma uwa ce, kuma ba ta taɓa jin ɓarawon da ya tafi kasuwa ya bar kayan a gida ba.

A gidan rainon ta tarar da uwar yaron, malamar jinya, ta ƙanƙame ɗanta, idanunta sun yi ja.

"Wata biyar ina miƙa mata shi da hannuna! Ashe kura na ba ajiyar nama."

Sufeto ta duba ƙananan gadaje, ta duba kantar da aka jera kwalaben madara, kowace da filasta mai sunan yaro. Sannan ta fita wajen maigadi.

"Baba, ka san wani dogon mutum?"

"Mai jar hula? Sau biyar ya zo, 'yata. Wai gurbi yake nema wa ɗansa, amma ko takalmin ɗan ban taɓa gani ba. Ran nan har tsintsiya mai raino ta ɗaga masa."

Da ta koma caji ofis, ta sa aka fito da mai raino. Matar ta zauna a bakin benci, majanyi har yanzu ɗaure a ƙugunta.

"Me ya sa kika yarda?"

"Ɗan sanda ne ya ce in yarda."

"Wane?"

"Wanda ya kama ni. Ran Litinin na zo nan in kai ƙarar dogon nan, na sami ɗan sandan a bakin kanta. Ya ce kar in gaya wa kowa, in amsa wa mutumin, in kawo yaron, su za su yi masa kwanton ɓauna."

"Amma ba ki kawo yaron ba."

"Haba, ranki ya daɗe! Ɗan amana? In wani abu ya same shi, da wane ido zan kalli uwarsa? Na ce filo ma ya isa a kama mugu."

"Kina da shaida?"

"Ya ba ni lamba, na kira shi sau biyu. Amma ya karɓe wayata."

Sufeto ta ciro wayar daga ambulan ɗin kayan shaida. An goge kiraye-kiraye tas.

Mai raino ta ɗago da sauri. "Ba ni da takarda ranar. A filastar da muke manna wa kwalba na rubuta. Duba cikin jakata."

Filastar na nan, manne a cikin aljihun jakar.

Sufeto ta kira Saje ofis, ta sa aka shigo da mai raino da uwar yaron, tana riƙe da ɗanta.

"Saje, ka taɓa ganin mai rainon nan kafin ka kama ta?"

"Ko a mafarki."

"Waya nawa gare ka?"

"Ɗaya." Ya ɗora ta a kan tebur.

Sufeto ta danna lambar da ke jikin filastar. Wayar tebur ba ta motsa ba. Ƙara ta tashi daga cikin safarsa ta dama.

Gumi ya keto masa. "Ranki ya daɗe, wata shida sashenmu bai kama kowa ba. An ce za a rushe shi. Kuma doka ta yarda a ɗana tarko."

"Ta yarda ka buɗe ƙofa ga wanda ya riga ya ƙudurta mugunta. Ba ta ce ka tura mutum ciki ka rufe ba. Sau biyar kuka aika mata Dogo, ta ƙi. Ta kawo kukanta gare ka, ka mai da shi igiyar ɗaure ta."

Uwar yaron ta miƙe tsaye. "Wato da ta bi maganarka, ɗana za ka kai bakin titi?"

Saje ya sunkuyar da kai. "Ni na shirya komai. Dogo umarnina ya bi."

Sufeto ta miƙa hannu, ya cire bel da hula ya ba ta. Kurata biyu suka tasa shi gaba, ta tura wasu su kamo Dogo.

Yaron ya fara kuka, yana miƙa hannu wajen mai raino. Uwar ta tsaya, ta kasa haɗa ido da ita.

"Yaya, ki yafe mini."

Mai raino ta kwance majanyin, ta juya baya ta duƙa.

"Ɗora mini shi. Lokacin barcinsa ya wuce."