Sunansa a Kan Aikinta

"Sunan wa nake gani a nan, Dogo?"

Auta ta juya masa fuskar kwamfutar. Ɗakin karatun sashen lissafi ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

"Hasken idona, zauna mu yi magana..."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan!"

Wata uku ta yi tana fama da wata manhajar lissafi, irin wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya yi gyara. Ita ta gano inda manhajar ke haɗiye alamar debewa. Ranar tura gyaran kwamfutarta ta mutu, sai ta ari tasa. Sabuwar shiga ce, ba ta san kowane gyara da sunan mai kwamfutar yake tafiya ba. Gogan naka kuwa ya sani sarai.

Yau masu kula da manhajar suka fitar da sunayen ɗaliban da za su horar, bisa gyaran da kowa ya tura. Sunansa ne na biyu. Nata ko a ƙasa babu.

"Layi ɗaya za ka rubuta musu, ka ce aikina ne."

Ya sunkuyar da kai. "Korata za su yi... Ai ni da ke ɗaya ne, in mun yi aure..."

"Ɗaya? To me ya hana sunan ya zama nawa?"

Abin da ya fi ƙona mata rai, saboda shi ta yi sati biyu ba ta ga fara'ar Umma ba. Yayarta ma ta sha cewa, "Yaron nan bakinsa ya fi aikinsa tsawo." Ta toshe kunne.

A gida ta kifa kai a cinyar Umma ta yi kuka kamar ranta zai fita. Umma tana ta shafa bayanta.

Bayan sati uku aka kawo ƙorafi: gyaran yana tuntuɓe in ya haɗu da sifili. Aka ce mai aikin ya duba. Dogo ya yi zufa ya gaji, sai ga shi a ƙofar gidansu.

"Don Allah ki rufa min asiri... ke kaɗai kika san cikinsa."

Abin haushi, har yanzu in ta gan shi sai gabanta ya faɗi.

"Na gyara tun safe. Daga kwamfutata, an gyara min ita."

Ya ciro waya. Ga gyaran nan, layi huɗu, da sunanta. A ƙasa shugabar masu kula ta tambaya: yaya aka yi kika san aikin nan fiye da mai shi?

"Me... me za ki ce mata?"

"Ban ce komai ba. Kai na bar wa amsar."

Kwana uku tana buɗe shafin, tana addu'ar ganin layi ɗayan nan daga gare shi. Wallahi ba gurbin horon take jira ba, shi take jira.

A rana ta huɗu ta share hawayenta, ta rubuta amsar da kanta.