Baƙin Akwatin Ƙarƙashin Tebur

"Kowa ƙasa!"

Rana tsaka, ranar kasuwa, a wani ƙauye kusa da Kunci. Yuguda, ogan 'yan fashin, ya banke ƙofar shagon Abdulganiyu mai ɗaukar hoto, inda dillalan gyaɗa ke ajiye jakunkunansu. Yaronsa Basiru na biye, fuska a naɗe.

Abdulganiyu ya zabura — ya cafki rawanin Yuguda — rawani ya warware. Tau! Harsashi ɗaya a ƙirji. Ya zube, jini na bin siminti.

Basiru ya daskare. Mijin yayarsa ne. Jiya-jiyan nan Yuguda ya rantse masa ba za a taɓa kowa ba, shi kuma da ya yi shekara biyu a kwalejin Bici ya yarda da rantsuwar ɓarawo.

Yuguda ya hango kyamara a saman ƙofa. "Kai ɗan boko, wancan idon ya ga fuskata. Ina hoton yake shiga?"

Basiru ya nuna allon kwamfuta. "Cikin talabijin ɗin, oga."

Gindin bindiga sau uku, allo ya tarwatse. Sai ƙafar Yuguda ta bugi wani abu a ƙarƙashin tebur. Baƙin akwatin ƙarfe ne a tsaye kan ƙafafun roba, gabansa huda-huda kamar rariya, fanka na gurnani a ciki. Maɓalli ɗaya na ƙifta shuɗin haske. An shimfiɗa masa ƙyallen saƙa a kai, har da filas ɗin shayi.

"Wannan fa?"

"Sitabilaiza ce, oga. Wuta kawai take daidaitawa."

Yuguda ya kara hannu a hudojin, ya ji iska mai ɗumi. Ai duk mai firji yana da irinta. Ya narka mata shuri har gefen ya lotsa. "Nauyin banza. Kwashi jakunkuna mu ware!"

Da Sufeto Iliyasu ya iso, ya tarar da Nana Hafsat, matar mamacin, rungume da akwatin.

"Ranka ya daɗe, kullum Malam cewa yake allon nan fuska ce kawai. Komai a nan ciki yake."

Kwana uku, fuskar Yuguda ta shiga kowace waya. A bukkar gona bayan Minjibir ya ga hoton kansa a waya, da hantsi, motar 'yan sanda na keto dawa. Ya juyo wajen Basiru a hankali.

"Sitabilaiza ko?"

Basiru bai ko tashi ba. "Ka rantse min, oga."

Tau! Tau! Basiru ya kife.

Yuguda bai yi taku ashirin ba aka karya masa ƙafa da harsashi, aka ja shi a ƙasa kamar buhu.

An mayar wa dillalai jakunkunansu. Nana Hafsat kuwa, miji da ƙani a mako guda, kuma ba wanda ya rage da zai gaya mata cewa ƙanin ne ya ceci akwatin a shagon. Ni abin da ya fi ci min rai ke nan: har yau ba ta yafe masa ba. An dawo mata da akwatin da lotsawarsa. Tana goge shi kullum, amma ba ta sake danna maɓallin ba.