Babin da Injiniya Ya Share

Ranar da ta shigo shagon ta rungumo kwamfutar ne kamar jinjiri mai zazzaɓi. Shi kuma yana tsugune yana zaro takardar da ta maƙale a firinta. Ya ɗago ya gan ta, takardar ta yage a hannunsa.

"Kai ne injiniyan?" ta tambaya.

"Haka aka rubuta a allon ƙofa."

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

Daga ranar ba ta ƙara kiransa da wani suna ba.

Ita ce autar Hedimasta, dattijon da ya yi ritaya ya zauna rubuta tarihin rayuwarsa, aikin da tsofaffi kan koma wa idan 'ya'ya sun daina sauraro. Yana gama babin ƙarshe, wanda ya yi a kan marigayiya matarsa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya tafi, baki ya karkace. Likita ya ce a yi ta addu'a, kuma kowa ya gane. Burin Auta a buga littafin, ya riƙe shi da hannun da ya rage masa.

"Fayil ɗin ne ya yi nauyi," ta ce. "Ya ƙi tafiya ta imel. In ka danna shi, sai ka je ka yi sallah ka dawo kafin ya buɗe."

Injiniya ya duba. Rubutu zalla ya kai nauyin fim. Hotuna an zuba su da girmansu na kyamara, kuma duk jimlar da Hedimasta ya taɓa gogewa tana nan a ɓoye, domin ya kunna bin diddigin gyara bai sani ba. A gefe ga tarin fayilolin wucin gadi masu sunaye kamar lambar mota.

"Ta ina Baba yake kashe ta?"

"Ta soket, kamar dutsen guga. Ya ce in ta tsaya tunani, shi ba sa'anta ba ne da zai jira ta."

"To shi ya sa take barin tarkacen nan."

Ƙa'idar sana'arsa ita ce a kwafe komai kafin a taɓa komai. Ya san ta, har ya manna ta a bango. Amma Auta na tsaye a kafaɗarsa, kuma saurayin da budurwa ke kallo ba ya karanta bango. Ya tattara tarkacen ya share, ya wanke kwandon shara, ya saki manhajar da ke goge gurbinsu. Sannan ya matse hotunan, ya kwashe tsofaffin gyare-gyaren. Fayil ya rame, ya buɗe nan take a shafin farko.

Ta yi dariya, ta farko tun kwanciyar mahaifinta. Babu wanda ya gangara ya duba shafin ƙarshe.

Mai buga littattafai ya ce ba zai daɗe ba, ya kuwa daɗe. A wannan jiran ne waya ta yi aikinta.

"Autata, tun da kika tafi kaina ya cika, ba abin da ke shiga."

"Ka share tarkace mana, Injiniyana. Ai ka ƙware."

"Ke ce a ciki. Ba na sharewa."

Ya tura kawunsa neman izinin aurenta. Gwaggo, ƙanwar Hedimasta, ta ce yarinya tana jinya, ba lokacin wannan ba ne. Ba ta ambaci ɗanta mai kantin magani ba, wanda ta daɗe tana yi wa tanadin Auta.

Sai gwajin bugu ya iso. Auta ta zauna bakin gado tana karanta wa mahaifinta, har ta kai walimar ritayarsa. Nan littafin ya ƙare. Ta juya takardar, bayanta fari fat.

Saƙonta ya same shi a shago.

"Ina babin Umma?"

Kafin ya kunna kwamfutar, wadda ta bari a shagonsa, ya gane. Fayil ɗin ya daɗe da yin nauyin da ba ya adanuwa. Duk sanda dattijon ya danna adanawa kwamfutar ta tsaya, sai ya kashe soket. Washegari manhajar rubutu ta tsinto masa aikin daga fayilolin wucin gadi ya ci gaba. Babin Umma bai taɓa shiga babban fayil ba. Yana cikin tarkacen.

Ya gwada duk dabarar ceto da ya sani, da waɗanda yake yi wa abokan sana'a dariya a kansu. Ya yi shara mai kyau. Bai taɓa yin aiki tsaf irin wannan ba.

Ya je gidan da ƙafarsa ya faɗa.

"Sannu, gwani," in ji Gwaggo. "An kawo maka ciwon kai ka cire kan."

Ɗanta ya ce zai saya wa Kawu sabuwar kwamfuta, sai ka ce marigayiyar a kwali take zuwa.

Hedimasta ya daɗe yana kokawa da harshensa. Auta ta sunkuya ta saurara, ta miƙe ba ta kalli Injiniya ba.

"Ya ce ka binne masa mata karo na biyu. Ya ce ka dawo masa da matarsa, sannan ka yi zancen 'yarsa."

Ta daina ɗaga wayarsa. Ya rubuta mata:

"Laifina ne, ba na kwamfuta ba. Babin ba zai dawo ba. Amma Baba yana da baki, ni ina da yatsu. Ki bar ni in zo."

Sai washegari ta amsa.

"Ka zo da kwamfutar. Ban yafe ba."

Kullum bayan azahar yana rufe shago ya zo ya zauna a kujerar roba gefen gado, cikin warin magani da man zafi. Kalma ɗaya kan ɗauki dattijon tsawon da wani zai sha ruwa ya ajiye kofi. Da farko Auta ke fassarawa. A hankali kunnen Injiniya ya saba, har ya koyi goge masa yawu da juya shi ba tare da ya jira an ce ba. Duk ƙarshen jimla sai Hedimasta ya harare shi da idon da ke motsi.

"Ka adana?"

"Na adana, Baba. Na kwafa a filash."

"Sakarai. Ci gaba."

Kwastomomi suka koma shagon gaba. Mai kantin magani bai yi rowa ba, yana aiko da magani ta hannun direba.

Babin ya fito bai kai rabin na farko ba. Wata rana dattijon ya tsaya a tsakiyar jimla, ya kalli Auta.

"Akwai abin da uwarki ta faɗa min ranar da aka haife ki. Yana cikin wancan." Ya kalli rufin ɗaki. "Na manta."

Auta ta fita tsakar gida. Injiniya ya bi ta ya tsaya nesa.

"Ba zan taɓa ji ba ke nan," ta ce.

"Ba za ki ji ba. Ni na jawo."

Ta share idonta da gefen mayafi. "Koma ciki, Injiniyana. Yana jiranka."

Ranar da aka sa ɗigon ƙarshe, Hedimasta ya sa aka kira Gwaggo.

"Wancan babin ya fi wannan," ya ce. "Ban yafe masa ba. Amma ya iya zama kusa da mara lafiya, Auta ma wata rana za ta tsufa. A ba shi."

Gwaggo ta buɗe baki, ya rufe ido. Tun suna yara haka yake cin gardama.

An ɗaura auren a falo, aka bar ƙofar ɗakinsa a buɗe don ya ji. Littafin na kan ƙirjinsa, hannun hagu ya danne shi. Ango da amarya suka durƙusa a gabansa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Kai kuma kada ka ƙara share mata komai sai ka tambaya."

Sannan ya nemi a buɗe masa babin a kwamfuta. Ya kalle shi har ya gaji, ya miƙa hannu ya kashe soket.

Bai daɗe ba bayan nan.

Kashewar ta bar ɗan fayil ɗin wucin gadi kusa da fayil ɗin littafin. Injiniya ya buɗe ya gani, babu komai a ciki sai sunan mai kwamfutar. Ya nuna wa matarsa.

"In share?"

"Bar shi," ta ce.

Yana nan har yau.