Karatu a Gindin Keken Ɗinki

Tana tsakiyar ɗinkin wuyan riga maigidan ya shigo, ya ajiye jakar kayan gyaran wutarsa a bakin ƙofa, ko tsokanar da ya saba bai yi mata ba. Nan ta san da magana.

"Inna ta yanke hukunci," in ji shi, idonsa a ƙasa. "'Yar Baba za ta koma gidan Yaya da zama, can za ta yi karatu."

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken. 'Yar Baba ita ce 'yarsu tilo, mai in'ina. Dariyar 'yan aji ce ta sa suka cire ta daga makaranta, uwar ta ɗauki nauyin koyar da ita a gida. Ita ma Yaya, wato yayar mijin, a gida take koyar da nata 'ya'yan, sai dai gidanta barikin soja ne: ga ƙararrawa, ga yunifom, ga taimtebul manne a jikin firij. Ko atishawa sai da izini.

"Kai kuma me ka ce?"

"Me zan ce? Uwata ce fa. Wai ba ta taɓa ganin makarantar da malama ke ɗinki, ɗaliba na kwance a ƙasa ba."

"Don Allah, ɗago ka dube ni. Kai ma haka kake gani?"

Ya ƙi ɗagowa. Wannan ya fi hukuncin Inna yi mata ciwo, don wannan bawan Allah ne lokacin neman aure yake rantsuwa ko ƙuda ba zai bari ya sauka a kanta ba. Ta sha kukanta a banɗaki, ta wanke fuska, ta haɗa wa yarinyar kaya da hannunta. Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga murya ba. Abinci kan lokaci, gaisuwa kan lokaci, amma hira ta mutu a gidan.

Yaya ba muguwa ba ce, tsakani da Allah take yi, 'ya'yanta kuwa karatu kamar ruwa. Amma a tsarinta kowane yaro sai ya miƙe tsaye ya karanta shafi kafin ta kaɗa ƙararrawa. 'Yar Baba kuwa da ta miƙe, idanu suka yi mata caa, sai harshe ya ƙulle. Ba a jima ba ko "ina kwana" ta daina cewa.

Ran da uban ya je dubo ta, ta buɗe baki za ta ce "Baba", kalmar ta maƙale, sai hawaye. Ya dawo gida jiki a sanyaye.

"Don Allah, ke yaya kike yi take karanta miki?"

"Sai yau ka tambaya?" Ta kau da kai. "Ba ni take bi ba, keken take bi. In ina taka shi a hankali, sai ta ɗora kalmomin a kan ƙararsa, ba ta tuntuɓe. Kuma idona na kan allura, ba mai kallon bakinta."

Washegari ya ɗora keken a mota, matarsa ta shiga, ya biya ya ɗauko Inna, sai falon Yaya. Matar tasa ta zauna ta fara takawa — kat, kat, kat. 'Yar Baba ta kwanta rub da ciki, ta jawo littafi. Can sai murya ta fito, siririya, tana bin ƙafar uwar, layi bayan layi har ƙarshen shafi.

Lokacin tashi ya yi, Yaya tana riƙe da ƙararrawar, ta kasa kaɗawa. Inna ta share ido da gefen mayafi.

"Ku tafi da 'yarku," ta ce. "Ni na ɗauka karatu hanya ɗaya gare shi."

A mota ya kamo hannun matarsa. "Ki yafe min. Na bar ki ke kaɗai."

"Na yafe. Amma kai za ka sauke keken, ni ba ruwana."

Haka haƙurinta ya dawo mata da 'yarta da mijinta a rana ɗaya. Kowane yaro da ƙofar da karatu ke shigarsa, kuma wanda ke zaune da shi kullum shi ya san ta. A tambaye shi tukuna, kafin a raba uwa da 'yarta.